Daga Allo Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Isar da Saƙo a Bakin Iyakar Jibiya



Wanda ya tsaya a Farfaru, ƙasar Jibiya, ya dubi arewa, zai ga ƙasar Nijar, amma mutanen da zai tarar can danginsa ne. Tun farkon ƙarni na 19, sa'ad da sarakunan Haɓe suka bar birnin Katsina suka kafa Maraɗi, ake da Katsinawa a ɓangarori biyu. Ingila da Faransa suka zo suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, suka raba mulki, ba su raba zumunta ba. Tambayarmu yau ita ce, ta wace hanya waɗannan mutane suke jin labarin juna, kuma a hannun wa hanyar take?

A zamanin kakanninmu labari a ƙafa yake tafiya, a bakin fatake da almajirai da 'yan kasuwa. Wanda yake son aika wasiƙa sai ya tafi zauren malam a rubuta masa da ajami, in ta isa kuma wani malamin ne zai karanta. Watau ilmi da labari duk suna hannun dattijo, yaro kuwa allonsa ya riƙe yana saurare.

Zuwan boko bai rushe wannan tsari ba, sake masa kama ya yi. An kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita. Mutum ɗaya kan karanta jarida, goma suna jinsa. Da sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, sai aka shiga taruwa a ƙofar gidan mai akwati. Rediyo ba ya neman fasfo, saboda haka Bakatsine da Bamarɗe suka riƙa jin waƙa ɗaya da labari ɗaya. Duk da haka akwatin na maigida ne, shi ke kunnawa, shi ke kashewa, shi ke fassara abin da aka ji.

Wayar salula da ta shigo Nijeriya a 2001 ita ce ta juya al'amarin. Yau ɗa ne ke buɗe wa ubansa saƙon WhatsApp, jika ke nema wa kakarsa lambar 'yarta da ke aure a Maraɗi. Saƙon murya ya bai wa wanda bai yi karatu ba damar da dā sai ya biya ta zauren malam. Wannan alheri ne. Amma jita-jita ma ta sami doki, tana isa ɗakin matashi ba tare da wani babba ya tace ta ba.

Ajin makaranta bai tsira ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta kwamfuta, alhali ɗaliban karkara da yawa ba su taɓa sa hannu a kanta ba kafin ranar. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, rediyon nan da aka raina shi ne ya kai darasi ƙauyuka a jihohin Arewa da dama. Sa'an nan a Satumba 2021, saboda 'yan bindiga, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya. Mutane suka koma ba direbobi saƙo kamar yadda iyayensu suka yi. A watannin nan aka ga irin dogaron da ciniki da zumunci suka yi da na'urar da za a iya kashe ta rana ɗaya.

Darasin tarihin nan a fili yake. Kowace sabuwar hanya ta rage wa malami wani iko, ba ta kawar da bukatarsa ba. Dā shi ke kawo labari, yanzu aikinsa ya koya wa ɗalibi ya tambayi wa ya faɗa, yaushe, da wace hujja. Ku ma'aikata masu tsara kasafin ilmi, kada ku sayi kwamfuta ku manta da horar da malamin da wutar da za ta kunna ta. Ku ɗalibai kuma, ku ɗauki wayoyinku ku naɗi bakin tsofaffin Jibiya kafin su tafi da abin da suka sani.