Guzurin da Kakanninmu Suka Zo da Shi Makka

'Yan'uwa, sau da yawa akan ce dukiyar ƙasa ita ce ke gina ƙasa. To, amma mu duba tarihinmu.

A shekarar 1903 Turawa suka ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Jama'a da yawa suka yi gabas da ƙafa. Ɗansa Mai Wurno ya zauna a Sudan, garin da ya kafa yana nan da sunansa. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, mutanenmu na cikin masu aikin auduga a Jazira, suna tara kuɗin jirgin ruwa. Waɗansu sai bayan shekaru suka iso Makka.

Ba su zo da zinariya ba. Ko man fetur ma sai 1938 aka same shi a Dammam. Guzurinsu al'ada ce: kowane yaro da allonsa, kowane baligi da sana'arsa, baƙo kuma ba ya kwana waje. Da wannan suka zauna a Jarwal da Misfala. Cikinsu aka sami malamai kamar Abubakar Alkashnawi, mai littafin As'halul Madarik. Tsirenmu ma ya zama abincin gari, ana ce masa siriyya.

Saboda haka, iyaye, gini ya sake, unguwanni sun sake. In muka bar yaro ba karatu ba sana'a, mun zubar da gadon da aka ɗauko a ka tun daga Hausa.

Allah ya jiƙan magabata, amin.