Aerith, da mutuwar da ta rufe labarinta

A 1997 kamfanin Square na Japan ya fitar da wasan Final Fantasy VII, kuma abin da 'yan wasa suka fi riƙewa shi ne lokacin da Sephiroth ya soke Aerith da takobi tana durƙushe tana addu'a. Jita-jitar hanyoyin tayar da ita ta cika intanet, wasu har takardar koke suka aika wa kamfanin. A idonsu, baiwar Allah ce da aka kasa ceta.

An zalunce ta kam. Kamfanin Shinra ya tsare ta da mahaifiyarta Ifalna a ɗakin gwaji tun tana jaririya, uwar ta rasu wajen gudu, Aerith na shekara 7. Amma ita ta ɗauki Cloud ya zama mai tsaronta. Ita ta miƙa kanta ga Tseng domin ƙaramar yarinya Marlene ta tsira. Da Cloud ya kasa mallakar kansa ya ba Sephiroth baƙin dutsen da zai halaka duniya, ba ta jira shawarar kowa ba, ta nufi tsohon birnin kakanninta ita kaɗai, don ita ce kawai ke iya addu'ar da za ta tare masifar.

Wasu kuma suka ce ai ta san mutuwa ta nufa, sadaukar da kai ta yi. Wannan ma bai tsaya da ƙafarsa ba. A mafarki ta shaida wa Cloud za ta dawo idan an gama, Tifa kuma ta tuna cewa babu mai maganar gobe kamarta.