Mashigar Iska a Injin Tabofurof: Nazari a kan PT6A da Ƙurar Hunturu

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin hanyar da iska ke bi daga bakin mashiga zuwa kwamfuresa a injin PT6A na kamfanin Pratt & Whitney Canada. Ta nuna cewa na'urar ware tarkace da ke cikin mashigar tana maganin ƙanƙara da tsakuwa, amma ƙura mai laushi ta fi ƙarfinta.

1.0 Gabatarwa

Tabofurof injin tabain ne da ke juya farfela ta hanyar akwatin giya. Da yake farfela da giya sun tare gaban injin, dole a nemo wa iska wata ƙofa. A injin TPE331 na Garrett, bakin yana dab da akwatin giya, iska ta miƙe ciki. A PW100 na jiragen ATR 72, bututu mai lanƙwasa ne a ƙarƙashin farfela. Shi kuwa PT6, wanda aka fara gwadawa a sararin sama a 1961, gaba ɗayansa aka juya baya ya koma gaba.

2.0 Tafiyar Iska

Iska na shiga ta bakin da ke bayan farfela. Bututun yana buɗewa a hankali, gudunta ya ragu, matsinta ya ƙaru. Daga nan ta gangara can bayan injin, ta taru a wani ɗaki da ya zagaye shi, ta ratsa ragar ƙarfe, sannan ta juyo gaba. A ƙananan samfuran PT6A, matakai 3 na fikafikai ne ke matsa ta a miƙe, na huɗu ya wurga ta gefe zuwa ɗakin ƙona mai. Amfanin ɗakin taruwar shi ne raba iska daidai a fuskar kwamfuresa, domin idan wani ɓangare ya sami ƙarancinta, fikafikan kan kasa riƙe ta, injin ya yi tari.

3.0 Na'urar Ware Tarkace

Nan ne hikimar take. Idan matuƙi ya kunna na'urar, wani faifai yakan sauko cikin bututun ya tilasta wa iska shan kwana mai tsanani, wata ƙofa kuma ta buɗe a baya. Iska ba ta da nauyi, sai ta sha kwanar. Ƙanƙara da ɗigon ruwa da tsakuwa kuwa nauyinsu ya zarce da su waje ta ƙofar. Tamkar sheƙar hatsi ce: mai nauyi ya bi hanyarsa, ƙaiƙayi ya bi iska.

Kariyar ba kyauta ba ce. Matsin iska na raguwa, ƙarfin juya farfela ya sauka, zafin tsakanin tabain ya hau. Duk da haka, ƙa'idar jiragen King Air masu injin PT6A ita ce a kunna ta idan akwai damshi a fili kuma zafi bai wuce digiri 5 na Salshiyos ba.

4.0 Ƙurar Hunturu

Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana cikin jinsin ƙaiƙayin nan. Laushinta ya sa take shan kwana tare da iska, ramukan raga kuma sun yi mata faɗi. Tana cin bakin fikafikan kwamfuresa sannu a hankali, wata ta manne musu, har injin ya riƙa shan mai da yawa kafin ya ba da ƙarfin da ya saba. Lamarin ya shafe mu kai tsaye: jiragen Cessna Caravan da ke zirga-zirga a Sahel, da Super Tucano 12 da rundunar sojin saman Nijeriya ta karɓa a 2021, duk PT6A ne a jikinsu.

Wanke kwamfuresa yana cire dattin da ya manne, amma ba ya mayar da ƙarfen da ƙura ta cinye. Don haka ra'ayin wannan maƙala shi ne a matso da lokutan wankewa da na duba fikafikai daga Nuwamba zuwa Maris, a kuma rufe bakin mashiga duk lokacin da jirgi ke ajiye a fili.