Ganuwa, Ƙafa da Ƙwayar Kitsen Jini: Yadda Tsufa Ya Sauya a Bauchi

Duk lokacin da likita ya rubuta wa dattijo a Bauchi ƙwayar rage kitsen jini, abin da a asibiti ake kira kolestarol, akwai amsar da ba ta da wuyar ji idan maganar ta iso majalisa bayan la'asar: kakanninmu ba su sha wannan ba, kuma sun yi tsawon rai. Maganar ba ƙarya ba ce, amma rabin zance ce, kuma rabin da ya fi sauƙin ɗauka. Wanda zai kafa hujja da kakanni sai ya yarda a buɗe rayuwarsu duka a duba, domin mutanen da ba su sha ƙwaya ba su ne kuma mutanen da ba su taɓa hawa Keke Napep don zuwa bakin titi ba. Hujjar kakanni ta fi ƙarfi a kan ƙafa fiye da a kan magani, kuma a nan ne aka fi yi mata riƙon sakainar kashi.

A fara da garin kansa. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma wanda ya karɓo tuta daga hannunsa, ya taso daga sansaninsa na Inkil ya kafa birnin a 1809. Ganuwar da aka kewaye shi da ita ta kai kimanin kilomita goma da rabi, kuma sunayen ƙofofinta suna nan a bakin mutane ko da ginin ya zube: Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Jahun, Ƙofar Dumi, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Tirwun. Gari mai ganuwa yana da tsarin da yake ɗora wa mazauninsa ko yana so ko ba ya so. Gida yana ciki, mafi yawan gonaki suna waje, kasuwa tana nata wuri, masallacin Juma'a yana kusa da fada, itacen girki yana gindin duwatsu. Baƙin Turawa da suka iso a ƙarni na 19, Eduard Vogel a 1855 da Gerhard Rohlfs a 1867, sun tarar da garin fatauci ne, wanda suka rubuta da sunan Yakoba, kuma duk kayan da ke kasuwarsa a kan ɗan Adam ko a bayan dabba suka shigo. A irin wannan gari babu wanda ya ware lokaci ya kira shi motsa jiki. Wunin mutum kansa shi ne motsin.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda tsufa yake shiga wannan tsari. Ba a san ranar ajiye aiki ba, balle fansho. A gandu, idan ƙarfin maigida ya fara ja baya, 'ya'ya ne suke karɓar garma da huɗa, amma shi zai fita gonar, ya duba shuka, ya cire ciyawa da ƙaramar fartanya, ya kori tsuntsu. Idan gonar ta yi masa nisa sai ya koma tufkar igiya, saƙar zana ko tabarma, ɗinkin hula, kiwon 'yan awaki a bayan gida. Ta ɓangaren mata abin ya ma fi ban sha'awa, domin tsufa ne yake kwance musu kulle. Tsohuwa ita ce mai zuwa kasuwa, ita ce mai kai gaisuwar mutuwa da barka, ita ce mai wankan jego, ita ce mai ratsa unguwa uku don sasanta aure, kuma idan ta zauna ma mazari yana hannunta tana kaɗi. Aiki yana raguwa ne kaɗan-kaɗan kamar ruwan rafi da rani, ba a datse shi dare ɗaya. Ciwon gwiwa da ciwon baya kuwa suna nan, sunayensu ma sun shaida haka: sanyin ƙashi, amosani. Wanzami yana yin ƙaho, ana gashi da ruwan zafi, ana mulke gaɓa da man kaɗanya, sannan a ɗauki sanda a fita. Wasu daga cikin waɗannan magunguna ba su da wani amfani da ya wuce lallashin zuciya, amma fitar tana da amfani, domin gaɓar da ta fara lalacewa tsokar da ke kewaye da ita ce take tallafarta, kuma tsoka da zama take narkewa.

Sai dai kada a yi wa zamanin da ado da abin da ba shi da shi. Tafiyar ƙasa ba ta taɓa zama abin alfahari ba. Daraja tana kan doki, shi ya sa har gobe babbar ranar sarauta sunanta hawa. Wanda ya isa shi ake zuwa a tarar zaune a zaure, kuma aikin da ya fi karya jiki, haƙar ƙasar ganuwa da noman manyan gandaye, talaka da bawa ne suka yi shi. Wannan ne mabuɗin abin da ya biyo baya. Tunda tilas ce ta riƙe tafiya ba ƙauna ba, ranar da tilas ta kau babu wata al'ada da ta tsaya ta kare ta.

Kuma ta kau da sauri. Turawan Ingila sun ci garin a 1902, keke da mota suka biyo baya, jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960 lokacin da ake jan layin dogo zuwa Maiduguri. Amma shekarar da ta juya komai ita ce 1976, da Bauchi ta zama babban birnin jiha. Sakatariya ta zo da dubban ma'aikatan kujera, kamfanin Steyr ya fara harhaɗa manyan motoci da taraktoci, jami'ar da yanzu ke ɗauke da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa ta buɗe a 1980, gari ya tsallake ganuwa ya miƙe zuwa Yelwa da Fadaman Mada da bayansu, har nisan ya fi ƙarfin ƙafa. Acaɓa ta cike giɓin, Keke Napep ta biyo bayan shirin yaƙi da talauci na 2001. Injin niƙa ya sauke taɓarya, famfo da burtsatse suka sauke guga, wayar salula ta sauke rabin ziyarar zumunci. Ko masallacin khamsu salawati, da yawansa ya ƙaru har kusan kowane layi yana da nasa, alheri ne babba, amma ya mayar da tafiya biyar ta wuni taku kaɗan. Babu mai hankalin da zai ce a koma wa turmi da rijiya. Abin lura kawai shi ne tsohuwar fahimtar daraja ta samu abin da take so: yau ɗa nagari shi ne wanda zai ce "Baba, ka huta," ya sayo kujera mai laushi da talabijin, ya hana tsohon ɗaukar ko buta. Da kyakkyawar niyya ake yi, amma jikin ba ya karanta niyya.

Tukunya ma ta sauya. Masar Bauchi tsohon suna gare ta, kuma ba ita ce mai laifi ba. Bambancin shi ne abin da a da ake ci ranar kasuwa ko ranar biki, nama mai kitse da soye-soye da kayan zaƙi, ya zama na kullum ga wanda ya samu hali, an ƙara da lemon kwalba, burodi da dunƙulen ɗanɗano mai gishiri, a jikin da ya daina ƙona abin da yake ci.

Saura batun tsawon rai. Tsoffin da ake tunawa da su, masu shekara casa'in suna tafiya gona, sun wanzu, amma su ne waɗanda suka tsallake siraɗin ƙyanda, agana, zazzaɓi da haihuwa. A 1960 matsakaicin tsawon ran da ake sa wa jaririn Najeriya bai kai shekara arba'in ba. Waɗanda suka faɗi a shekara hamsin ba su zauna a zaure sun ba jikoki labari ba, shi ya sa ba a lissafa su. Shanyewar ɓarin jiki ma ba baƙuwa ba ce, sai dai a da iska ake ɗora wa laifin. Babban binciken da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka sani da SIREN kuma aka buga sakamakonsa a 2018, ya gano cewa hawan jini ne kan gaba da nisa wajen haddasa ta, kitsen jini yana biye, sannan ciwon suga, yawan cin nama, ƙarancin ganye a miya da rashin motsi duk suna cikin jerin. Wato matsalar tamu ce, ba ta Turawa kaɗai ba.

Ita ƙwayar, da ake kira sitatin, ba ta da tsohon tarihi. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya fara gano irinta a jikin fumfuna a farkon shekarun 1970, aka amince da ta farko a Amurka a 1987, sannan a 1994 wani gwaji a ƙasashen arewacin Turai kan masu ciwon zuciya 4,444 ya nuna cewa simvastatin, ɗaya daga cikin irinta, tana rage mutuwa da kusan kashi 30 cikin ɗari. Aikinta a hanta yake, domin hanta ce take ƙera mafi yawan kolestarol, ba daga kwano kaɗai yake zuwa ba. Wannan ne dalilin da ya sa siririn mutum mai tafiyar ƙasa zai iya samun nasa ya hau, kuma dalilin da ya sa tafiya, duk da tana sauke hawan jini da suga tana ƙarfafa zuciya, ba ta cika rage mugun kitsen da yawa ba. Ƙafa da ƙwaya ba kishiyoyi ba ne, kowace da aikinta.

Tsoron da ya fi yawo shi ne ƙwayar tana kawo ciwon jiki, kuma ga dattijon da gwiwa ta riga ta dama wannan ba ƙaramin tsoro ba ne. A nan bincike ya yi magana mai ban mamaki. A wani gwaji a Ingila da aka fitar a 2020, an tattaro mutum 60 da suka daina shan sitatin saboda ta dame su, ana ba su ta gaskiya wani watan, wani watan kuma ƙwaya marar komai a ciki ba tare da sun sani ba. Kusan kashi 90 cikin ɗari na damuwar da suka ji da ta gaskiyar sun ji ta da ta bogin. Wani nazari na 2022 da ya haɗa manyan gwaje-gwaje ya kai ga abu mai kama da haka: fiye da tara cikin goma na ciwon tsokar da masu shan ta suke kuka da shi ba ita ta kawo shi ba. Ciwon na gaske ne, amma shekaru sun riga sun kawo shi. Akwai 'yan kaɗan da take cutarwa da gaske, kuma wanda ya ji tsoka ta yi tsami mai tsanani ko fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, asibiti ya kamata ya nufa a ranar. Abin takaicin shi ne mutumin da ke gudun ƙwayar da aka auna jininsa kafin a rubuta masa, shi ne zai aiki yaro kemis a haɗo masa maganin ciwon jiki kullum dare, alhali irin su diclofenac da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha, suna taɓa ƙoda da ciki kuma suna tayar da hawan jini.

Masu ja da baya suna da hujjojin da ya kamata a saurara. Mafi yawan manyan gwaje-gwajen ba a kan 'yan Afirka aka yi su ba. Ƙwayar tana ɗan ƙara yiwuwar ciwon suga ga wanda dama yake bakin gaɓa. Ga wanda ya haura shekara 75 kuma bai taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, shaidar amfaninta ba ta kai ƙarfin ta wanda ya riga ya gamu da su ba. Wani kaso mai yawa na shanyewar jiki a yankinmu fashewar jijiya ce ba toshewa ba, kuma ita maganin hawan jini ne yake tare ta. Sannan ga kuɗi: magani ne na kullum, daga aljihu ake saye, kuma ɗan fanshon da ba zai iya sayen duka ba hakkinsa ne likita ya gaya masa wanne ne ba a wasa da shi. Duk waɗannan dalilai ne na a zauna a yi lissafi, mutum da likitansa, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko a ƙaramin asibitin unguwa, da takardar gwaji a gaba. Babu ko ɗaya cikinsu da ya zama dalilin jefar da takardar saboda abin da aka ji a majalisa. Wanda ya taɓa shanyewa ta toshewar jijiya, ko yake da ciwon zuciya ko suga, lissafinsa ya fi karkata ga sha.

Cire tallafin man fetur a 2023 ya mayar da mutane da yawa taka sayyada, amma tafiyar da tsada ta tilasta irin ta zamanin ganuwa ce, ranar da aljihu ya warware za a sake yar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, wato kamar rabin awa a kowace rana har kwana biyar, har ga wanda ya haura 65, tare da abin da zai ƙarfafa tsoka ya hana faɗuwa. A Bauchi wannan ba ya buƙatar kayan wasanni: masallacin da ke layi na uku maimakon na ƙofar gida, cefane da kai a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal da sanyin safiya, 'yan kunyoyin gyaɗa a bayan gari. Masu cewa Baba ya huta, idan ya ɗauki sandarsa gobe bayan asuba, ku bar mabuɗin mashin a aljihu ku raka shi a ƙasa.