Doki Ɗaya da Rabi a Ɗakin Sama

A ƙarshen watan Satumba na 2022 babban ɗana ya same ni a kicin da takarda a hannu. Wata takwas ya yi yana aikin Asabar da Lahadi a wani gidan abinci a Ladypool Road, yana tara kuɗin da zai harhaɗa kwamfuta da hannunsa, irin ta tebur ɗin nan mai gilashi a gefe da fitilu kamar motar amarya. Na bi jerin kayan da ido, ban gane komai ba sai layi ɗaya: akwatin wuta, wat 1,200.

Na ce, "Kai, wannan kwamfuta ce ko dutsen guga?"

Ya ce, "Abba, haka ake yi yanzu. Katin hoto kaɗai ba ƙaramar wuta yake ja ba."

Mahaifiyarsa tana wanke-wanke, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Tambaye shi wa zai biya kuɗin wutar."

Duk wanda ya zauna a Ingila a wannan shekarar ya san ba wasa take yi ba. Daga 1 ga Oktoba kuɗin yunit ɗaya ya koma kusan kwabon Ingila 34. Gidajenmu na Balsall Heath kuwa tsofaffin gidajen bulo ne na zamanin Sarauniya Victoria, a jere manne da juna, sanyi yana ratsa bangonsu kamar ba bango. Na yi lissafi a bayan takardar: wat 1,200, awa biyar kullum, yunit shida ke nan, fam biyu da 'yan kai a rana, sama da fam 60 a wata. Na ce ya ba ni mako ɗaya.

Abu na farko da na gano shi ne lissafina da gyara. Akwatin nan, wanda masu gyara a gida suke ce wa fawa-fak, aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango mai folt 230 ya mayar da ita 'yar ƙarama mai folt 12 da 5 da 3.3, wadda kayan ciki za su iya ɗauka. Lambar da ke jikinsa iyakar abin da zai iya bayarwa ce, ba abin da yake ja kullum ba. Kamar tanki ne mai faɗin baki: idan cokali ɗaya kake buƙata, cokali ɗaya zai zubo. To, na yarda yaron ya fi ni gaskiya a nan. Amma kalmar wat ɗin ta tsaya mini a rai, domin na san mai sunan maƙwabcinmu ne. Kabarinsa yana cocin St Mary da ke Handsworth, 'yar tafiya kaɗan a bas daga ƙofar gidanmu.

James Watt ba ɗan Birmingham ba ne. Shi ma zuwa ya yi, kamar mu. An haife shi a Greenock ta ƙasar Scotland a 1736, yana sana'ar gyaran kayan awo a Jami'ar Glasgow aka kawo masa ƙaramin samfurin injin tururi na Newcomen ya gyara. Irin wannan injin tun 1712 ake zuƙe ruwa da shi daga ramukan haƙar ma'adinai, amma cin kwal gare shi kamar gara. Watt ya gano dalili: a kowane bugu sai an zafafa silinda da tururi, sannan a watsa mata ruwan sanyi, sannan a sake zafafa ta. Yawancin kwal ɗin a dumama ƙarfe yake ƙarewa. A 1765 ya yi tunanin a ware wani mazubi daban inda tururin zai je ya huce, silinda ta zauna da zafinta. Ya samu takardar mallakar fasahar a 1769, sai dai ba kuɗi, ba kuma maƙeran da za su yi masa aikin daidai.

Su ya zo nema a Birmingham a 1774. A nan Matthew Boulton yake da babbar masana'antarsa ta Soho, yana ƙera maɓallai da kayan azurfa. Suka haɗa jari a 1775, majalisar dokoki kuma ta tsawaita wa Watt haƙƙin mallakarsa har zuwa 1800.

Yadda suka karɓi kuɗi shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. Manyan masu sayen injinsu a farko su ne masu haƙar kuza da jan ƙarfe a Cornwall, inda babu kwal sai an kawo ta jirgin ruwa da tsada. Injin Watt yana yin aiki iri ɗaya da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kwal ɗin da tsohon inji yake ci. Sai Boulton da Watt suka ce ba riba a kan ƙarfe suke so ba: a lissafa kwal ɗin da aka rage, a riƙa ba su kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa duk shekara. Don kada a yi musu, suka maƙala wa injin wani ɗan agogo a cikin akwati mai makulli, yana ƙirga kowane bugu. Kakan mitar da ke ƙarƙashin matakalarku ke nan. Mutanen Cornwall sun tsani wannan biya kamar yadda muka tsani takardar kuɗin wuta, har kotu aka sha zuwa.

Da masu masaƙu da masu niƙa suka fara neman injin, lissafin kwal bai yi musu amfani ba, don su da dawakai suke juya injinansu. Tambayarsu ɗaya ce: doki nawa zai maye? Watt ya yi awonsa ya tsayar da cewa ƙarfin doki ɗaya shi ne ɗaga nauyin kusan tan 15 tsawon ƙafa ɗaya a cikin minti ɗaya. Ya rasu a 1819. A 1882 injiniya William Siemens ya ba da shawarar a sa wa ma'aunin ƙarfin lantarki sunansa, aka kuma karɓa. Doki ɗaya wat 746 ne. Wato abin da yarona yake son ya hau da shi ɗakin sama doki ɗaya ne da rabi, har da ɗoriya.

Ranar Asabar na ce ya raka ni. Muka hau bas mai lamba 50 a Moseley Road zuwa cikin gari, muka taka zuwa gidan tarihin Thinktank. A can injin Smethwick yake, wanda kamfanin Boulton da Watt ya ƙera a 1779 don ɗaga ruwa a magudanar jiragen kaya, kuma shi ne injin tururi mafi tsufa a duniya da har yanzu yake iya aiki. Yaron ya daɗe yana kallon katakon da ke samansa. Na ce masa mutanen nan ba da girman inji suka yi arziki ba, da rage ɓarna suka yi. Ya ce, "Abba, na gane inda ka dosa." Ya gane kuwa.

Masu ajiyar kuɗi a ƙarƙashin katifa za su tuna hoton Boulton da Watt a bayan takardar fam 50 da aka fitar a 2011. Ranar 30 ga Satumba na 2022 ce rana ta ƙarshe ta karɓarta a shaguna, kwana ɗaya kafin sabon kuɗin wuta ya fara aiki. Wadda ta maye gurbinta tana ɗauke da hoton Alan Turing, masanin lissafin da ya koma Jami'ar Manchester a 1948. 'Yan uwanmu na Manchester, a nan naku rabon tarihin yake. Ranar 21 ga Yuni na wannan shekarar, Freddie Williams da Tom Kilburn da Geoff Tootill suka kunna na'urar da ake yi wa laƙabi da Baby, kwamfutar lantarki ta farko da ta gudanar da shirin da aka ajiye a cikin ƙwaƙwalwarta. Jaririyar nan nauyinta kusan tan ɗaya, tana da kwalaben gilashi 550 irin na tsohuwar rediyo, tana jan wat 3,500. Duk abin da take iya riƙewa bai kai saƙon tes ɗaya cikakke ba. An sake ƙera irinta a 1998, tana gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Manchester, ku kai yara su gani.

Daga nan sai abin ya yi ta ƙanƙancewa. Taransista ta kori kwalaben gilashi. Kwamfutar IBM ta tebur, ta 1981, akwatin wutarta wat 63.5 ne, kusan ƙwan fitila ɗaya na da. A 1995 kamfanin Intel ya fitar da tsarin ATX, wanda ya daidaita girman akwatin da wayoyinsa, shi ya sa yaro a Balsall Heath zai sayi kaya daga kamfanoni biyar su shiga juna. Shekaru da dama kowace sabuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta tana ƙara sauri ba tare da ta ƙara cin wuta sosai ba. Wajen tsakiyar shekarun 2000 wannan garaɓasa ta ƙare. Daga lokacin, mai son ƙarin ƙarfi sai ya ƙara wuta, musamman a katin hoto, wanda masu wasannin kwamfuta da masu haɗa bidiyo suka dogara da shi. A Oktoban 2022 ɗin nan Nvidia ta fitar da RTX 4090 mai jan wat 450 shi kaɗai, ta kuma ce a haɗa shi da akwatin wat 850. Wanda ya biyo bayansa a 2025 ya kai 575. A hankali muna komawa wajen Baby.

Tsohuwar matsalar Watt ma ba ta tafi ba. Akwatin wuta ba ya miƙa duk abin da ya karɓa, wani kashi yana zama zafi, fanka ta hura shi waje, kai kuma ka biya. A 2004 aka ɓullo da tambarin 80 Plus, ma'ana akwatin yana isar da aƙalla kashi 80 cikin 100. Mai tambarin Gold yana kai wa kusan 90 idan aka ɗora masa rabin kayansa. Idan kuwa akwatin ya yi wa kwamfuta girma ƙwarai, tana zaune tana jan ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa ba, nan ne ya fi ɓarna.

Akwai kuma iyakar bango. Fulogin Ingila mai ƙafa uku, wanda aka fito da shi a 1947 bayan yaƙi, yana da fiyus a cikinsa da ba ya wuce amf 13, wato kusan wat 3,000. A Amurka, inda wutar gida folt 120 ce, soket na yau da kullum wat 1,800 ne iyakarsa. Saboda haka bangonmu zai ɗauki kwamfutar. Haɗarin yana wajen doguwar wayar nan mai baki huɗu da muke jona wa hita da kwamfuta da talabijin a lokaci guda. Ita ma amf 13 ne iyakarta gaba ɗaya, kuma hita ɗaya ta kusa cinye shi.

Wannan fulogin shi muka gada a Najeriya, folt ɗin ma ɗaya ne. Shi ya sa yaron ya ce idan tasa ta yi kyau zai haɗa wa ɗan kawunsa irinta a aika Kano, tunda shi ma yana koyon haɗa bidiyo. Fulogi zai shiga, amma me ke bayan soket ɗin? Madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, an kafa mata injinan megawat 760. Wutar da ake rabawa a layin ƙasa duka takan tsaya tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, ga mutum sama da miliyan 200. Idan ka raba, kowa ya tashi da wat ashirin da 'yan kai. Akwatin wat 1,200, idan aka cika masa kaya, rabon mutum hamsin ne. Ƙaramin janareton da ke ƙofar kowane shagon aski bai kai wat dubu ba. Mai inbata da batir kuwa zai ga cajin yini ya ƙare kafin ya gama aiki. Da yawa cikinmu mun aika kaya gida da kyakkyawar niyya, suka zama abin ajiye furanni. Kafin ka aika na'ura, ka tambayi abin da zai kunna ta.

Da muka dawo daga Thinktank muka zauna da takardar. Muka tara abin da kowane ɓangare yake ja: katin hoton da kuɗinsa zai iya saya, ƙwaƙwalwar, fankoki, fitilun amaryar. Duka bai kai wat 500 ba. Ya sayi mai 750 mai tambarin Gold, ragowar kuɗin ya ƙara a allo. Ni kuma na sayo 'yar mitar da ake jonawa a soket, muka ga kwamfutar tana jan ƙasa da wat 100 idan karatu yake yi, ta haura 400 idan wasa ya yi zafi. Ɗan kawunsa kuwa kwamfutar cinya muka aika masa, wadda cajarta ba ta fi ƙarfin inbatarsu ba.

Sannan na yi masa tayin Boulton da Watt. Na ɗauko takardar wutar bara, na ce duk yunit ɗin da gidan nan ya rage a kan na bara, kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa nasa ne. Tun daga ranar ba a sake barin fitilar banɗaki a kunne ba. Ƙannensa sun ce ya zama ɗan NEPA, mahaifiyarsa kuma ta hana shi taɓa hitar falo.