Wa Ke Shaidar Bahaushe? Waiwaye Daga Sabo ta Ibadan

A shekarar 1916 ne aka keɓe wa Hausawan Ibadan unguwarsu ta Sabo. Fataucin shanu da goro ya kai kakanninmu can: shanu su gangaro daga Arewa, goro ya haura. Ciniki ne na bashi da amana. Falke kan damƙa garkensa a hannun maigidan da ya sauke shi, dillalai su sayar wa mahautan Yarbawa bashi, babu takarda balle sa hannu. Don haka tambayar "wane ne kai?" ba ta wasa ba ce a Sabo, domin dukiyar mutane ta rataya a kanta.

Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya nuna cewa Hausancin Sabo ba kaya ne da aka ɗauko daga gida aka jibge ba. Gini ne da aka yi a wurin, da harshe da sutura da addini, musamman bayan ɗariƙar Tijjaniyya ta kankama a farkon shekarun 1950, har mutanen Sabo suka ware masallacin Juma'arsu. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne masu ba da shaidar. Maigida ne da liman da sarkin unguwa, mutanen da suka san fuskarka, suka ga sahunka a masallaci, kuma aljihunsu ne zai yi kuka idan ka ci amana. Duk wanda suka karɓa ya karɓu, ya kwana da sanin matsayinsa.

Wayar salula ta bazu a Nijeriya daga 2001. An buɗe Facebook ga kowa a 2006, sannan a 2009 aka ƙara masa ɗan maɓallin nuna so. Daga nan shaida ta bar zaure ta koma hannun baƙi.

Mu da aka haifa a Sabo, ko Agege, ko Shagamu, mun san abin da ya biyo baya. Yaro zai rubuta jimla da Hausar da ya sha a nono, kalmar Yarbanci guda ta kutso ciki, sai wani da bai taɓa tsallake Kwara ba ya amsa masa da cewa ya koma makaranta. In ya juya ga Ingilishi, wani ɗan Kudu ya jefe shi da "aboki", kalmarmu ta zumunci da aka mayar abin gori. A ganinmu ta farkon ta fi ciwo, tun da daga ɗan'uwa ta fito. Mai gyaran nan bai ba shi bashin ko sisi ba, bai san sunan mahaifinsa ba, amma maganarsa kan hana barci fiye da ta liman.

Shi ya sa za ka ga ɗalibi ya rubuta gaisuwar Sallah sau uku yana gogewa. Daga bisani ya haƙura da rubutun, ya ɗora hotonsa da babbar riga, ya liƙa masa kirarin garin da kakansa ya baro, garin da shi kansa bai taɓa kwana a cikinsa ba, ya zauna yana ƙirga waɗanda suka latsa maɓallin.