Agogon zarra na tauraron ɗan'adam

Agogon zarra na tauraron ɗan'adam na'ura ce ta auna lokaci da ake ɗorawa a kan taurarin ɗan'adam da kumbuna, wadda take ƙirga lokaci da kaɗawar ƙwayoyin zarra na sinadarai irin su siziyam, rubidiyam da haidurojin. Shi ne ginshiƙin tsare-tsaren nuna wuri na duniya, wato GPS na Amurka, GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na ƙasar Sin. Waɗannan tsare-tsare suna gano nisa ne ta hanyar auna tsawon lokacin da saƙon rediyo ya ɗauka kafin ya iso ƙasa, saboda haka duk kuskuren da agogon ya yi yana komawa kuskure a wurin da aka nuna. Saƙon rediyo yana tafiyar mita 299,792,458 a sakan ɗaya. Kuskuren nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, yana jawo kuskuren nisa na kimanin santimita 30. Kuskuren maikurosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, yana jawo na kimanin mita 300.

Suna

Kalmar zarra ta shigo Hausa daga Larabci, kuma tana nufin abu mafi ƙanƙanta. Wasu marubuta suna cewa agogon atam. Sunan yakan sa a zaci agogon yana da alaƙa da makamashin nukiliya, alhali ba a fasa ƙwayar zarra a cikinsa. Ana amfani da ita ce kawai a matsayin ma'auni.

Yadda yake aiki

Kowane agogo yana buƙatar wani abu mai maimaita motsi iri ɗaya da kuma na'urar da za ta ƙirga motsin. Adadin maimaicin da ake samu a sakan ɗaya shi ake kira yawan kaɗawa, kuma ana auna shi da haz. Megahaz ɗaya daidai yake da kaɗawa miliyan ɗaya a sakan.

A yawancin na'urorin lantarki, abin da yake kaɗawa ɗan yanki ne na dutsen kwaz. A 1880 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre Curie da Jacques Curie, suka gano cewa wannan dutse yana fitar da lantarki idan an matse shi. Daga baya aka tabbatar cewa idan an ba shi lantarki shi ma yana motsi. Warren Marrison da J. W. Horton sun ƙera agogon kwaz na farko a 1927 a ɗakunan bincike na Bell a Amurka. Kwaz ɗin agogon hannu na yau yana kaɗawa sau 32,768 a sakan. Rauninsa shi ne yawan kaɗawarsa yana sauyawa da zafi, da girgiza, da tsufa.

Agogon zarra ma yana ɗauke da kwaz, sai dai yana gyara shi a kowane lokaci. Ana ninka kaɗawar kwaz ɗin har ta zama igiyar rediyo, sannan a haska ta a kan ƙwayoyin zarra. Ƙwayoyin suna sauya matakin kuzarinsu ne kawai idan yawan kaɗawar ya dace da nasu na halitta. Idan kwaz ya kauce, ƙwayoyin da suke amsawa sai su ragu, na'ura ta gane haka, ta maido shi kan hanya. Tun da ƙwayoyin sinadari iri ɗaya ba su da bambanci a ko'ina suke, ma'aunin ba ya tsufa kamar dutse.

Louis Essen da Jack Parry ne suka ƙera agogon siziyam na farko mai inganci a 1955, a cibiyar gwaje-gwajen kimiyyar fiziks ta ƙasa da ke Teddington a Ingila. A 1967 babban taron awo da ma'auni na duniya ya ayyana sakan ɗaya a matsayin tsawon lokacin kaɗawa 9,192,631,770 na siziyam-133.

Ire-irensa

Agogon rubidiyam shi ne aka fi ɗorawa a kan taurari saboda ƙanƙantarsa da rashin cin wuta. Yana aiki da rubidiyam-87, wanda yawan kaɗawarsa ya kai kimanin megahaz 6,835. Yana da daidaito sosai a gajeren lokaci, amma yakan kauce sannu a hankali, don haka sai ana bin sa da gyara daga ƙasa.

Agogon siziyam bai cika kaucewa a dogon lokaci ba, amma ya fi nauyi, kuma siziyam ɗin da ke cikinsa yana ƙarewa. Taurarin GLONASS sun daɗe suna dogara da shi.

Agogon haidurojin, wanda ake kira meza, yana aiki da kaɗawar kimanin megahaz 1,420. Taurarin Galileo suna ɗaukar agogo huɗu kowanne: meza biyu da rubidiyam biyu. Hukumar binciken sararin samaniya ta Turai ta bayyana cewa mezar tana kaucewa da nanosakan 0.45 a cikin awa 12, rubidiyam ɗin kuma da nanosakan 1.8.

Tarihi

Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik 1 a 1957, William Guier da George Weiffenbach na jami'ar Johns Hopkins suka lura cewa yawan kaɗawar saƙonsa yana ƙaruwa idan yana matsowa, yana raguwa idan yana nisa. Da wannan suka lissafa hanyar da yake bi. Juya lissafin ya haifar da tsarin Transit na rundunar sojan ruwan Amurka, wanda ya fara aiki a 1964.

Roger Easton na cibiyar binciken rundunar ya kawo shawarar a auna nisa da lokaci kai tsaye. Tauraron gwajinsa na farko, Timation 1, ya tashi a 1967 ɗauke da agogon kwaz. A 1974 aka harba NTS-1 da agogon rubidiyam, sannan a 1977 aka harba NTS-2 da na siziyam. Tauraron GPS na farko ya tashi a 1978, kuma aka ayyana tsarin ya kammalu a 1995 da taurari 24.

Amfani a tsarin GPS

Taurarin GPS suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kuma kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana. Tauraron yana watsa saƙo mai ɗauke da lokacin da aka aiko shi da kuma inda yake. Saƙon yana isowa cikin kimanin kashi 7 cikin 100 na sakan. Wayar hannu ko na'urar mota tana lissafa jinkirin, ta mayar da shi nisa. Da yake agogon wayar na kwaz ne mai araha, ana buƙatar aƙalla taurari huɗu: uku don gano wuri, na huɗu don gano kuskuren agogon wayar kanta.

Duk saƙonnin tauraron suna fitowa ne daga tushe ɗaya na megahaz 10.23 da agogon yake samarwa. Idan an ninka shi sau 154 ana samun zangon L1 mai megahaz 1,575.42. Ninki 120 yana ba da L2 mai 1,227.60, ninki 115 kuma yana ba da L5 mai 1,176.45.

Tashoshin sa ido da ke sassan duniya suna auna kaucewar kowane agogo, babbar tashar da ke Schriever a jihar Kolorado tana lissafa gyaran, sannan a aika wa tauraron ya watsa shi tare da saƙonsa. Akwai kuma taurarin da suke watsa ƙarin gyara ga wani yanki, musamman don jiragen sama. Tauraron Najeriya NigComSat-1R, wanda aka harba a Disamba 2011, yana ɗauke da na'urar irin wannan aiki.

Lokacin GPS ya fara ƙirga daga ranar 6 ga Janairu 1980. Ba a ƙara masa sakan ɗin cike giɓi da ake ƙara wa lokacin duniya na UTC, shi ya sa tun Janairu 2017 yake gaban UTC da sakan 18.

Ka'idar Einstein

Agogon da ke sama ba ya tafiya daidai da na ƙasa, kamar yadda ka'idar dangantaka ta Albert Einstein ta nuna. Gudun tauraron GPS, kusan kilomita 4 a sakan, yana sa agogonsa ya yi latti da kimanin maikurosakan 7 a rana. Raunin jan duniya a wannan nisa kuma yana sa ya yi sauri da kimanin maikurosakan 45. Jimilla agogon yana wuce na ƙasa da kimanin maikurosakan 38 kullum, lokacin da saƙon rediyo zai yi tafiyar kusan kilomita 11. Don magance haka, ana saita agogon tun kafin a harba shi ya riƙa ba da megahaz 10.22999999543, ta yadda daga ƙasa za a gan shi a 10.23 cif.

An tabbatar da wannan da gwaji. A 1976 gwajin Gravity Probe A ya cilla mezar haidurojin zuwa nisan kimanin kilomita 10,000 a kan roka. A 1977 aka bar agogon NTS-2 ya yi kimanin kwana 20 ba tare da gyara ba, kuma saurin da aka auna ya dace da lissafin. Taurarin Galileo biyu da aka harba a Agusta 2014 sun faɗa hanyar da ba tasu ba, mai hawa da sauka, sai masana suka yi amfani da agogunansu wajen sake auna ka'idar. An wallafa sakamakon a 2018.

Matsaloli

Agogon tauraro dole ya jure girgizar roka, da sauyin zafi tsakanin hasken rana da inuwar duniya, da ƙwayoyi masu kuzari da ke yawo a sararin samaniya. Ba mai zuwa ya gyara shi, shi ya sa ake ɗora uku ko huɗu, ɗaya na aiki sauran na jira.

A Janairu 2017 hukumar Turai ta sanar da cewa agogo tara sun lalace a taurarin Galileo 18 da ke sama a lokacin: meza shida da rubidiyam uku. Ba tauraron da ya daina aiki, domin kowanne yana da sauran agogo. A wannan watan ne kuma aka bayyana cewa duka agogon rubidiyam uku na tauraron Indiya IRNSS-1A sun mutu, abin da ya sa ya daina amfani wajen nuna wuri. Yunƙurin maye gurbinsa a Agusta 2017 bai yi nasara ba, sai a Afrilu 2018 aka harba IRNSS-1I.

Kuskure yana iya tasowa daga ƙasa ma. A ranar 26 ga Janairu 2016, yayin da ake sauke wani tsohon tauraron GPS daga aiki, an aika wa wasu taurari bayanin lokaci mai kuskuren kimanin maikurosakan 13. Nuna wuri bai taɓu ba, amma na'urorin da suke karɓar lokaci daga GPS sun rikice na sa'o'i, ciki har da wasu tashoshin rediyon dijital na BBC. Lamarin ya nuna yadda turakun sadarwar waya, layukan wutar lantarki da kasuwannin hada-hadar kuɗi suke dogara da waɗannan agoguna wajen daidaita lokacinsu.

Kumbuna masu tafiya nesa

Kumbunan da ake aikawa wasu duniyoyi galibi suna ɗauke da kwaz mai inganci da aka rufe cikin ɗan akwati mai daidaitaccen zafi. Ana gano inda suke ne ta aika saƙo daga manyan eriyoyin hukumar NASA da ke Goldstone a Amurka, da kusa da Madrid a Sifen, da kusa da Kanbera a Ostareliya, kumbon ya maido da shi, agogon zarra na ƙasa ya auna lokacin zuwa da dawowa. Saƙo daga duniyar Mas yana ɗaukar tsakanin minti 3 zuwa 22 kafin ya iso, don haka kumbon yana jiran a faɗa masa inda yake.

Domin kumbo ya iya lissafa matsayinsa da kansa, NASA ta gwada wani ƙaramin agogo mai aiki da ƙwayoyin zaiba, mai suna Deep Space Atomic Clock. An harba shi a ranar 25 ga Yuni 2019 a kan rokar Falcon Heavy, ya yi aiki a kewayen duniya har zuwa Satumba 2021. Ƙasar Sin kuma ta ɗora agogon da yake sanyaya ƙwayoyin rubidiyam da hasken leza a tashar gwaji ta Tiangong-2 a 2016. Sanyayawar tana rage gudun ƙwayoyin, ta ba da damar auna su na tsawon lokaci, abin da yake ƙara daidaiton agogon.